Shekarar da Aka Hana Inna Ɗaga Hannu

Zafin bana ne ya tono mini abin da na yi shekara talatin da 'yan kai ina dannewa. Hajji zagayawa yake yi, ya bi sanyi ya bi zafi, to bana ya sake faɗowa a tsakiyar bazara kamar yadda ya faɗo a waccan shekarar. Ran nan na fita shanya na dafa ƙarfen baranda, sai da tafin hannuna ya tashi. Na dawo na zube gaban mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ina hura hannu, autata Huda tana kwance tana latse-latsen waya. Sai ta ɗago ta ce, da Hausarta da Larabci ya cinye rabi: "Ummi, kin ji gardamar da ake yi a ƙasar Turawa? Wai baƙon da ya zama ɗan ƙasa kada a bar shi ya jefa ƙuri'a sai ya iya Turanci. Ke me kika gani?"

Na ce, "Ni na ga irin wannan zaɓen da idona, ba a waya ba. A Jarwal aka yi shi, kuma da aka gama gawa muka ɗauka."

Gidanmu na unguwar Jarwal a Makka kakanmu ne ya gina shi. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Gobir, ya yi Hajjinsa ya ƙi komawa, ya kafa gida a jikin dutse, siriri, hawa uku, ya bar shi waƙafi ga zuri'arsa. Kowane ɗa da ɗakinsa. A shekarar da nake magana babana ya riga ya rasu, ni kuma aurena na fari ya mutu na dawo ɗakin Inna.

Duk wanda ya tashi a Makka ta da ya san yadda ake yi in Hajji ya matso. Masu gida su kwashe komatsansu su hau saman soro, a ba alhazai hayar ɗakuna, da abin da aka samu a ci shekara. Ba abin kunya ba ne, har Larabawa masu hali suna yi. Amma mu a gidanmu akwai ɗaki guda da ba a taɓa bayarwa: ɗakin ƙasa. Cikin dutsen aka fafe shi, bangonsa ɗaya manne da rijiyar da ake tara ruwan gida. Ko rana ta kai inda ta kai, in ka shiga sai ka ji bangon da danshi kamar gefen randa. Kaka ne ya ce a bar shi ga tsofaffi da marasa lafiya da mai jego. Da baki ya faɗa, bai rubuta ba, don a zamaninsa bakin dattijo ya isa.

In za a yanke wata magana ta gida, bayan la'asar ake taruwa a zaure. Kowane ɗaki hannu ɗaya. Matar da mijinta ya mutu ita ke ɗaga hannun ɗakinta. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Inna daga Sabon Birni aka ɗauko wa babana ita. Ta kusa shekara talatin a Makka, amma Larabcinta na salla ne da gaisuwa da ɗan cinikin kasuwa. Kuma yaushe za ta koya? Tun kafin asuba tana gaban kasko tana suyar ƙosai, masu saye Hausawa, maƙwabta Hausawa, miji Bahaushe. Da wannan ƙosan aka sayi littattafan rabin yaran gidan da suka tashi suna fesa Larabci kamar a bakinsu aka halicce shi. Irinta su uku ne a gidan: ita, da Goggo Ladi, da wata tsohuwar da ido ya fara gaza mata. A shekarar nan Inna ba ta da lafiya. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna da yatsa sai rami ya zauna, kuma in ta hau matakala biyu sai ta tsaya neman numfashi.

Sai ga Yaya Salihu. Ɗan wan babana ne, yana aiki a ofishin wani muɗawwif, wato masu kula da masaukin alhazai. Kullum farar riga a goge, biro a aljihu, turare har ƙofar gida. A waje sunansa Saleh, kuma in ka yi masa Hausa a gaban Balarabe sai ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa. Shi ya kira taro a shekarar, ya tsaya a tsakiyar zaure ya soma bayani da Larabci tsantsa, abin da ba a taɓa yi ba.

Inna ta zungure ni. "Rabi, mi ya ce?"

Na raɗa mata cewa wai bana alhazai sun yi yawa, masauki ya yi tsada, don haka a haɗa da ɗakin ƙasa a bayar, kowa da kowa a hau sama.

Inna ta gyara mayafi ta ce da ƙarfi, "Salihu, wanga ɗaki kakanka ya hana. Ina za ka kai mu cikin wagga rana?"

Bai ko juyo ba. Ya ci gaba da Larabcinsa, ya ce kafin a ɗaga hannu akwai gyara. Yarjejeniyar da za a yi da muɗawwif da Larabci take, sharuɗɗanta da Larabci, in rigima ta taso da Larabci za a yi ta. Saboda haka daga bana, wanda bai ji abin da ake faɗa ba, ba ya ɗaga hannu. "Wanda bai ji ba," in ji shi, "me zai zaɓa?"

Wallahi jinina ya hau. Na miƙe na ce, "Yaya Salihu, ai ga ni, ina fassara mata."

Ya ce, "Fassara ba ji ba ce. In kin fassara, ra'ayinki za ta ɗaga, ba nata ba."

"To ni in ɗaga a madadinta, tunda ni ina ji."

"Hannu na mai ɗaki ne. Ke baƙuwa ce a nan, gobe wani ya aure ki ki tafi."

Kun ji fa. Ta gaba ya toshe, ta baya ya toshe. Kuma don ya nuna shi mai adalci ne, sai ya juya ga Inna ya ce bari a gwada, kada a ce an zalunci kowa. Ya zubo mata magana da Larabcin Makka mai gudu, doguwa, ba waƙafi, sannan ya ce ta maimaita wa jama'a abin da ya faɗa, ko da Hausa ne.

Da ma ta yi shiru. Amma Inna ba ta saba a kira ta ta ƙi amsawa ba. Ta dafa kafaɗata ta miƙe a kan kumburarrun ƙafafun nan, ta tattaro duk Larabcin da ta mallaka a duniya. Ta ce, "Ɗayyib. Alhamdulillah. Kam? Ana... ana ta'abana." Wato ni na gaji, ba ni da lafiya. Samarin da ke bakin ƙofa suka fashe da dariya, har wani yana buga cinya. Cikinsu akwai waɗanda ita ta yi wa wankan jego a wannan ɗakin ƙasan. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta zauna.

Aka ɗaga hannu. Tsofaffin nan uku suna zaune hannuwansu a cinya. Da an ƙirga da su da maganar ta faɗi, wannan kowa a zauren ya sani, shi ma Salihu ya sani, shi ya sa ya kawo gyaran. Sauran kuwa ba miyagu ba ne, kwaɗayi ne da kunyar idon mai biro. Ba wanda ya yarda ya haɗa ido da Inna a hanyar fita.

Muka hau sama. A kujera aka ɗauki Inna, samari biyu suna nishi suna cewa ta cika nauyi.

Wanda bai yi bazarar Makka a saman soro ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Duwatsun nan baƙaƙe da suka kewaye garin su sha rana tun safe, in ta faɗi su dawo maka da ita. Mun yi rumfa da buhunan shinkafa da tsofaffin haramin da alhazan bara suka bari, muka ɗaure da igiya a jikin ƙarafa. Kowane ɗaki ya ja labule ya kama kusurwa. Wuta kuwa duk an ja wa alhazai don mukayyif ɗinsu, mu waya ɗaya aka bar mana, fanka biyu, su ma iskar murhu suke hurowa.

Tun asuba ake girki, don da hantsi ba mai iya tsayawa gaban wuta. Ni na karɓi kaskon Inna. In soya ƙosai, in dama kunu, in sauka da su bakin titi inda alhazan gida ke taruwa, in dawo kafin rana ta take. Sannan a shiga aikin ruwa. Tankar ruwa ba ta iya hawo lungunmu, da dogon tiyo ake zuba wa rijiya, kuma alhazai ne farko, su yi wanka su yi alwala su yi wanki, abin da ya rage mu jido da bokiti hawa uku. Kafin ka kai sama ruwan ya yi ɗumi. In ya kwana a jarka kuwa, ka zuba ganyen shayi kawai.

Daga azahar ba a motsi. Kowa ya kwanta ya yi lamo, har tattabarun Harami da ke damunmu da kashi sai su ɓace. In iskar samum ta taso sai ka ji kamar an buɗe maka tanda a fuska, leɓe ya tsage, yara su yi ta kuka ba hawaye. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa wa Inna, kafin in juya ya bushe ƙamas. In na samu ciniki in sayo ƙanƙara, in nannaɗe a buhu in hau da gudu, rabi ya narke a bayana. In ɗora mata a wuya, ta ce, "Ba yara su tsotsa."

Ba ta iya kwanciya, sai a zaune, an tokare ta da filo a jikin bango, bangon kuma zafi. Daga inda take ana jin ƙugin mukayyif ɗin alhazai a ƙasa, ruwansa yana ɗiga a lungu. Sau biyu na tari Yaya Salihu a matakala. Na farko na roƙe shi, har da durƙusawa, ya nemo mata ko gefe ne a ƙasa. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, an riga an sa hannu, jama'a ne suka zaɓa, ba ni ba." Na biyu ban roƙe shi ba, zaginsa na yi, da Hausa, a gaban alhazansa. Ya yi murmushi ya ce musu da Larabci zafi ne ya taɓa ni.

Inna ta ce, "Bar shi, ɗiyata. Kwana nawa ne?"

Aka zo ranar Arfa. A ranar Makka fayau take. Alhazai sun tafi tun jiya, mazan gidan duk sun bi su Mina neman na kansu, masu dako, masu jagora, masu tura keken tsofaffi. Matan gari kuma al'adarsu ce a ranar su cika Harami tunda maza sun ba da wuri, don haka matan gidanmu suka yi kwalliya suka tafi da yara. Aka bar ni da Inna da Goggo Ladi.

Wajen azahar numfashin Inna ya canza. Yana fita da ƙara, goshinta ya bushe, gumin ma ya ƙare. Goggo Ladi ta dube ni ta ce, "Rabi, mu sauke ta." Ni da tsohuwa muka ɗora ta a tabarma muna ja muna tarewa, matakala bayan matakala, gwiwoyina duk suka saluɓe. Muka wuce ɗakuna a rufe, shiru, ba kowa. Muka iso ɗakin ƙasa. Ƙofar ƙarfe aka sa masa sabuwa saboda kayan alhazai, da ƙaton kwaɗo, makullin kuma yana aljihun Yaya Salihu a filin Arfa.

Ɗakin nan ba kowa a cikinsa. Ba mutum ko ɗaya, sai akwatuna.

Na hau sama da gudu na ɗauko taɓarya. Na ɗaga zan sauke wa kwaɗon, sai Inna ta kama gefen zanena. Da ƙyar maganar ta fito. "Kul. Kayan baƙin Allah na ciki. Amana ce." Na ce Inna ki bar ni. Ta ce, "In kin fasa ban yafe ba." Na yar da taɓaryar. Har gobe ina jin haushin Inna a kan wannan, Allah ya gafarta mata, ina jin haushinta ƙwarai.

Tarho ɗaya ne a gidan, shi ma yana ɗakin Salihu a kulle. Na zura da gudu na gangara babban titi neman mota, ba takalmi, kwalta tana cin ƙafata. Titin da kullum ba ka samun wurin tsallakawa, ranar ko kyanwa babu. Na yi ihu, na buga ƙofofi, na dawo.

Na tarar Goggo Ladi ta jawo Inna jikin ƙofar. Akwai 'yar tazara tsakanin ƙarfen da ƙasa, iska mai sanyi tana fitowa ta nan, siririya. Inna ta kwantar da kumatunta a daɓe, ta zura yatsunta ta ƙarƙashin ƙofar. Ta buɗe ido ta gan ni, ta ce, "Rabi, akwai sanyi ciki." Sai kalmar shahada, da Larabcinta na salla da ba wanda ya taɓa cewa bai isa ba. Kafin la'asar Inna ta cika. Sai da muka zaro yatsun nata kafin mu rufe ta.

Maza suka dawo da naman hadaya buhu-buhu, kamar kowace shekara. Mata suka yanyanka shi aka shanya a igiyoyi a saman soron, a ƙarƙashinsa muka karɓi gaisuwa, mai yana ɗiga mana a mayafi, ƙuda kamar su ɗauke mu. Yaya Salihu ya hawo da sabon aski, ya tsaya a kaina ya ce, "Ya bahtaha! Ranar Arfa, a Makka, aka sallace ta a Harami. Wa ya kai ta sa'a?" Mutane suka ce haka ne, wallahi haka ne. Tun daga ranar ban sake cin busasshen nama ba.

Shekaru suka tafi. Aka rushe lungunmu na Jarwal da aka zo faɗaɗa gari, inda ɗakin ƙasa yake yanzu otal ne mai ƙofar gilashi. Da diyyar aka sayi bene a unguwar Rusaifa, shi ma waƙafin zuri'a, kuma har yau kowane ɗaki hannu ɗaya. Hannun Inna ni na gada. Yaya Salihu ya zaɓar wa kansa gidan ƙasa, dab da masallaci. Muna gaisawa da salla don zumunci, ya yi mini Larabci in amsa masa da Hausa. Ciwon suga ya ci masa ƙafa ɗaya, yanzu a keke ake tura shi. Abin da ya rage masa a duniya shi ne a gangara da shi masallaci sau biyar, ya zauna a ƙofa bayan la'asar ana gaishe shi.

Bayan hirarmu da Huda da 'yan kwanaki aka kira taro a falonsa. 'Ya'yan gidan yanzu duk 'yan boko ne, wasu a waje suka yi karatu. Babban ɗansa Majid ne ya tsaya yana bayani. Ya fara da Larabci, da ya zo inda maganar take sai ya saci kallon ubansa ya juya harshe zuwa Turanci, sauran suka bi shi. Huda ta matso tana raɗa mini: wani kamfanin alhazai ne ke son benen gaba ɗaya na wata biyu, har da gidan ƙasa, can za su yi kicin. Shi kuma tsohon a mayar da shi ɗakunan saman soro. Akwai mukayyif, akwai komai, sai dai lif ba ya kaiwa can, kuma ba mai ɗaukarsa sau biyar a rana.

Yaya Salihu yana ta bin bakinsu da ido, daga wannan zuwa wancan. Ya ji sunansa yana fitowa a cikin maganar. Ya ce da Larabci a yi masa bayani, Majid ya ce, "Daƙiƙa, ya abuya," wato jira kaɗan baba, ya ci gaba. Sai tsohon ya juyo gare ni. Ya buɗe baki, sai ga Hausa, Gobiranci tsantsa irin na Inna, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun muna yara.

"Rabi, ƙanwata. Mi suke hwaɗi?"

Na gyara zama na dubi bango.

Aka ɗaga hannu. Wasu suka ji tausayinsa, wasu suka ji ƙamshin kuɗi, aka yi kankankan. Shi kansa da aka faɗa masa a gurguje ya ɗaga nasa, duk da haka ba a rinjaya ba. Majid ya ce in aka tashi a haka, shi da yake wakilin waƙafi shi zai raba gardama. Sai wata cikin 'yan'uwan ta ce, "Ai saura Amma Rabi, ba ta ɗaga ba." Amma, haka suke kiran goggo da Larabci. Duk suka juyo. Hannuna ɗaya ya isa ya bar shi a ƙasa, ni na sani, shi ma ya sani. Leɓensa yana motsi, idonsa ya kawo ruwa.

Na ce, "Ni ba na jin Turanci. Kuma ƙa'idar gidan nan ce tun Jarwal, wanda bai ji abin da ake faɗa ba, ba ya ɗaga hannu. Ku tambayi babanku, shi ya kafa ta."

Na bar hannuwana a cinya.

Washegari aka hau da shi. A kujerar roba suka ɗauke shi daga inda lif ya tsaya, samari biyu suna nishi. Ba zai mutu ba, akwai sanyi a ciki. Kiran salla kawai zai riƙa ji ta taga.

A mota muna komawa, da muka kusa gida Huda ta ce, "Amma Ummi, ai na fassara miki komai."

Na ce, "Fassara ba ji ba ce. Ƙara mana sanyin motar nan."